Daren da muka kai ƙanwata imajansi: kati, jini, tiyata da rufin asiri

Yawancinmu ba ma sanin yadda sashen agajin gaggawa yake aiki sai ranar da lalura ta kai mu, ranar kuwa hankali a tashe yake, ba mai iya tsayawa ya koyi komai. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka bi da ƙanwata a wani babban asibitin gwamnati da ke garinmu, tun daga bakin ƙofa har sallama, ko Allah zai sa wani ya huta da irin kame-kamen da muka yi. Na nemi izininta kafin in rubuta, ita ce kuma ta iyakance mini abin da zan faɗa. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan kama sunan asibitin ba, domin a labarin akwai abin yabo, akwai na gyara.

Ƙanwata amarya ce a lokacin, ba ta rufa shekara a ɗakinta ba, mijinta kuma ya yi tafiya Legas ɗauko kaya. Bayan sallar isha'i surukarta ta kira ni ta ce in zo, yarinyar nan tun la'asar take murƙususun ciwon mara, yanzu kuma ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki. Na same ta kwance a tabarma, gumi yana tsatstsafo mata amma jikinta sanyi ƙalau, tafin hannunta ya yi fari fat. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne kukan da take yi da kafaɗarta, alhali a mara ciwon ya fara. An riga an shafa mata man zafi, an jiƙa mata kanwa ta kasa sha. Maƙwabcinsu ya fito da mota, muka shiga mu huɗu ban da ita: ni, surukar tata da muke kira Hajiya, ƙanin mijinta, da matar maƙwabcin.

A ƙofar imajansi mai gadi ya taimaka aka ɗora ta a gadon turawa. Cikin wurin cike yake, wasu a benci, wasu a ƙasa an rataye musu ledar ruwa a jikin taga. Daga shiga akwai wani ɗan tebur da nas take zaune, ita ke duba duk wanda aka kawo ta yanke wa za a fara gani. A nan mutane da yawa ke ruɗewa har su tayar da rigima, domin imajansi ba layi ake bi ba, tsananin ciwo ake bi. Wanda numfashinsa ke sarƙewa ko jini ke zubar masa shi ne a gaba, ko da yanzu ya shigo. Nas ɗin ta ɗaura wa ƙanwata abin awon jini, ta riƙe tsintsiyar hannunta, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, sai kawai ta miƙe ta tura gadon da kanta tana kiran likita. Wani mutum a benci ya ɗaga murya ya ce sun riga mu zuwa. Ba ta yi masa tsawa ba, ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, na ga ɗanka, zan dawo kansa.” Har aka sa mata kanula aka ɗaura ruwa ba wanda ya tambaye mu kati ko kuɗi. Haka doka ta ce a yi: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Mun yi cirko-cirko a kan gadon, Hajiya tana riƙe da ƙafarta, ƙanin mijin yana tsaye ta wajen kai. Nas ɗin ta ɗauko takarda, ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Hajiya, “Mama, ku ne mahaifiyarta?” Hajiya ta ce uwar mijinta ce. Nas ɗin ta ninke takardar. Ba ta ce mana ku fita ba, kowa aiki ta ba shi. Ta ce wa ƙanin mijin ya yi maza ya je ya buɗe kati. Ta jawo kujerarta ta kai bakin ƙofa ta ce, “Mama, ku zauna nan ku yi ta yi mata addu'a, ita muke buƙata yanzu, in an gama likita zai zo ya same ku.” Matar maƙwabcin ta bi Hajiya. Saura ni. Ta sunkuya daidai kunnen ƙanwata ta ce, “Ƙanwata, kina so yayarki ta tsaya, ko mu yi magana mu biyu?” Ƙanwata ta dube ni, ta ce a hankali, “Yaya, ki ɗan jira a waje.”

Ba zan ɓoye ba, maganar ta sosa mini rai, don a hannuna ta tashi. Amma ina tsaye a waje na ji kan tambayoyin da ake yi wa wata a gado na kusa, na gane. Yaushe rabonki da al'ada? Kina da ciki? Kina tsarin iyali, wane iri? Kin taɓa ɓari? Me kika sha yau, na kemis ko na gargajiya? Wace 'yar Hausa ce za ta amsa waɗannan a gaban uwar mijinta da ƙanin mijinta? Amarya mai cikin fari ko uwar da ta haife ta ɓoye wa take yi har sai ya fito. Da an yi mata tambayar muna tsaye, na tabbata girgiza kai za ta yi ta ce ba komai, likita kuma ya tafi neman taifot ko gyambon ciki, jini yana can yana zuba. Abin da ta faɗa musu a bayan labulen nan nata ne, amma da shi suka gano ciwon cikin 'yan mintuna. Labulen ma bai kai ya rufe gadon duka ba, ya yage ta gefe. Wata dattijuwa cikin masu goge-gogen ɗakin ta karɓi zanin da na zo da shi, ta kama bakinsa ta tsaya ta tare wurin, ta kau da fuskarta gefe har aka gama. Likitan namiji ne. Na ji ya yi sallama kafin ya ɗaga labule, ya faɗi abin da zai duba, ya ce nas za ta tsaya tare da su.

Ganin ƙanin mijin ya daɗe na bi shi ofishin kati. A nan ne na ga bambanci. Taga ce ƙarama, ma'aikacin yana ciki, mutane sun yi dafifi a waje, dole sai ka ɗaga murya. Suna, shekaru, unguwa, lambar waya, sunan makusanci da lambarsa, duk a kunnen jama'a. Wata mata da ke gabanmu ya tambaye ta me ke damun 'yarta, ta faɗa a hankali, ya ce bai ji ba, ta sake, sai ya maimaita da ƙarfi yana rubutawa. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba mugunta ba ce, sabo ne da gajiya, amma ciwon da ya ji mata ɗaya ne. Da aka zo kanmu na rubuta komai a bayan wata takarda na miƙa masa, ya karɓa ba musu. Daga nan aka ba mu 'yar takarda muka kai wata tagar daban ta biyan kuɗi, muka tarar babu sabis, sai da ƙanin mijin ya fita bakin get wajen mai POS ya ciro tsaba. Aka ba mu rasit, muka koma tagar farko aka buɗe fayil, aka ba mu ƙaramin kati mai lamba. Kati da gwaje-gwajen farko sun ci kusan naira dubu 15. Kowane gwaji da rasit ɗinsa, kuma ba a karɓar jini a ɗakin gwaji sai an ga rasit, ban da wanda likita ya rubuta wa gaggawa a sama.

An yi mata gwajin fitsari, an auna yawan jininta da rukuninsa, aka turo na'urar sikanin har gadonta. Da likita ya fito Hajiya ta tare shi. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, “Mama, jini ne yake zubar mata ta ciki, sai an yi tiyata yanzu. Ku ba ni minti biyu, zan dawo in yi muku cikakken bayani.” Ya koma ciki. Daga baya ƙanwata ta gaya mini tambayar ta ya je yi: wa take so a faɗa wa, kuma me za a faɗa? Ta ce a fara da mijinta. Aka kira shi a wayata, likitan ya shiga wani ɗan ofis ya rufe ƙofa suka yi magana. Sannan aka kira ni. Ciki ne na kusan wata biyu, amma bai sauka cikin mahaifa ba, ya tsaya a bututun da ƙwai ke bi. Bututun siriri ne, da cikin ya girma sai ya fasa shi, jini ya taru a cikin ciki. Jinin ne ke taɓa wata jijiya a ƙarƙashin haƙarƙari, mutum ya riƙa jin ciwo a kafaɗa. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, abin da ake ceto shi ne uwar.

Aka kawo takardar amincewa da tiyata. Ƙanin mijin ya miƙa hannu zai karɓi biro, a zatonsa sai namiji ya sa hannu. Likitan ya ce masa tunda baliga ce kuma tana cikin hayyacinta, ita ce za ta sa, in yana so ya sa a wurin shaida. Ya karanta mata takardar da Hausa, ya faɗa mata za a iya cire bututun da ya fashe, ɗayan kuma zai ci gaba da aiki, mata da yawa suna haihuwa da guda ɗaya. Ta sa hannu tana rawar jiki. Bayan haka, da yardarta, ya je ya durƙusa kusa da kujerar Hajiya. Na riƙe kalmominsa domin sun kashe wata wuta tun ba ta kama ba. Ya ce, “Mama, ciki ne Allah ya ba ta, amma ya zauna a inda ba wurinsa ba. Ba wani abu ta ci ba, ba wani abu ta sha ba, ba aiki ne ya jawo ba. Ba laifin kowa ba ne.” Duk wanda ya san gidajenmu ya san maganar da ke tashi in cikin amarya ya lalace miji ba ya gari. Ba wanda ya roƙe shi ya faɗi haka. Ya dubi waɗanda ke wurin ne ya hango abin da zai biyo yarinyar gida bayan an warware ɗinki.

Sai maganar jini. Ma'ajiyar jini ta ba da leda biyu nan take saboda gaggawa, da sharaɗin mu kawo masu mayarwa. Ƙanin mijin ya yi waya, abokansa suka zo a babura. Kafin a ɗebi jinin kowa sai an gwada shi, ana duba cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ana kuma duba ko jinin nasa ya isa a ɗiba. Ma'aikacin wurin ɗaya-ɗaya yake shigar da su, yana rufe ƙofa. Da ya gama bai fito ya ce wane ya ci wane ya faɗi ba. Cewa ya yi, “Mun samu abin da muke buƙata, wasu za mu ajiye su sai in an nemi ƙari.” Kowa ya daɗe a ciki daidai da ɗan'uwansa, kowa ya fito da auduga a hannu. Samarin unguwa ɗaya ne, da ya nuna ɗaya da yatsa, kafin asuba labari ya gama majalisa. An kuma ba mu jerin kayan tiyata: safar hannu, zaren ɗinki, ledojin ruwa, robar fitsari, allurai. Wasu muka samu a famasin asibiti, sauran sai da aka tsallaka titi kemis mai kwana. Tiyata, kaya, gwajin jini, magani da kuɗin gado sun haura naira dubu 200 kafin mu fita.

Muna zaman jira aka kawo waɗanda suka yi hatsari a bayan a-kori-kura. Cikinsu akwai wata mata da kayanta suka yayyage. Kafin a sauke ta wani saurayi cikin 'yan kallo ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Nas ɗin nan tana riƙe da ledar ruwa ta sha gabansa, ta tsaya tsakaninsa da matar, ta ce, “Ɗan'uwa, da mahaifiyarka ce fa?” Ta sa ya goge a gabanta, mai gadi ya raka shi waje. Dattijuwar nan mai goge-goge ta riga ta yaye zanin gado ta lulluɓe matar. Wani ya ce ai sai an kawo takardar 'yan sanda, ba wanda ya saurare shi, aiki kawai suke yi. Ko wanda aka harba da bindiga, dokar 2017 ta wajabta a karɓe shi a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hatsarin ya cika a wurin. Suka jawo abin kariya mai taya suka zagaye gadon, suka rufe shi, suka shigar da ɗan'uwansa ofis kafin su faɗa masa. Mu da ke benci sai da muka ji salati muka sani.

Gab da asuba aka fito da ƙanwata, aka wuce da ita ɗakin mata. Tiyata ta yi kyau, alhamdu lillahi. A ɗakin ne kuma muka ga ɗaya fuskar. Da safe babban likita ya zo zagaye da ɗalibai sun fi goma. Suka kewaye gadon, ba kariya, ba sallama, wani ya ɗaga rigarta don a ga ɗinki, ɗalibi ɗaya yana karanto tarihinta da Turanci da ƙarfi, kamar ba mai jin Turanci a ɗakin. Ƙanwata ta runtse ido, hawaye yana bin gefen kunnenta. Ba su kai ƙofa ba mai jinyar gadon kusa ta matso tana yi mana jaje da tambayoyin da suka nuna ta ji komai. Na san ɗalibai sai sun ga mara lafiya za su koya, likitan da ya cece ta ma ta haka ya bi. Amma neman izini da jawo kariya ba sa cin minti ɗaya. Na sami matiron a ofishinta na faɗa mata cikin ladabi. Ba ta kare kowa ba, ta ba ni haƙuri, washegari kuma kafin su iso ta sa an kewaye gadon, babban likitan ya tambayi ƙanwata ko ta yarda ɗalibai su tsaya. Ta ce mata kawai. Aka yi hakan. Wanda bai sami biyan buƙata a wajen matiron ba, manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, likitoci kuma suna ƙarƙashin MDCN, hukumar da ke ba su lasisin aiki, take kuma ladabtar da su.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, inda asirin mara lafiya ya fi yoyo ta wajenmu ne 'yan uwa. Da 'yan dubiya suka fara zuwa, wata ta ɗauki fayil a ƙarshen gado tana buɗawa. Wata ta ɗauke ta hoto tana barci, da robar fitsari a rataye, za ta sa a WhatsApp wai a taya ta da addu'a. Wasu kuwa a baranda suke tare nas su ce, “Sista, wai me ya same ta ne?” Amsar nas-nas ɗin ɗaya ce: “Tana samun sauƙi, ku tambaye ta.” Sashe na 26 na dokar 2014 ɗin nan ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa, har da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko wata doka, ko ga iyaye da waliyyi in yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 shi ma ya ƙunshi sirri da mutunci. Mu kuwa tun kafin doka mun san ladan rufin asirin ɗan'uwa. Hajiya ce ta ɗauki nauyin wannan, ta zauna a bakin gado, duk wanda ya matsa da tambaya ta ce, “Tiyata aka yi mata, Allah ya ba da lafiya,” ta sauya zance.

Ranar sallama sai da safe likita ya rubuta a fayil, aka kai fayil ofishin lissafi, aka haɗa abin da ya rage, muka biya, muka kawo rasit wa matiron, ta ba da takardar fita da mai gadi zai karɓa a ƙofa. Wannan zagayen ya cinye mana wuni, don haka a fara shi da wuri. An ba ta ranar dawowa a duba ɗinki, aka kuma ja mata kunne cewa duk lokacin da ta sake samun ciki ta zo a yi sikanin tun yana ƙarami, a tabbatar ya zauna a mahaifa. Da ta nemi takardar da za ta kai makarantarsu, likitan ya tambaye ta ko tana so a rubuta sunan ciwon. Ta ce a'a. Ya rubuta cewa an yi mata tiyata, tana buƙatar hutu, ya buga hatimi.

Ga wanda irin wannan dare zai zo wa, ga abin da zan ce. Mace mai shekarun haihuwa in ta yi ciwon mara mai tsanani, da jiri ko suma, ko ciwon kafaɗa, ko ɗigon jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma a ba ta abinci ko ruwa, don cikin da ke da abinci yana kawo matsala wajen allurar barci. A tafi da tsabar kuɗi, da tsohon katin asibiti ko na inshorar lafiya in akwai, da kwalayen duk maganin da ta sha, da caja, da zani biyu. A raba aiki tun a mota: ɗaya kati da biyan kuɗi, ɗaya neman masu ba da jini, ɗaya ya zauna kusa. Rasit duka a leda ɗaya, a hannun mutum ɗaya, domin ranar sallama za a nema.

In aka zo tambayoyi, kada a jira sai nas ta nemo dabarar fitar da mutane, ba kowace rana ake dace da mai irin wannan hankalin ba. Babba a cikinku ya fara tashi ya ce mu ba su wuri, sauran za su bi. In mara lafiyar ce ke son wani ya tsaya, ita za ta faɗa. Kafin ranar dubiya a zauna da ita a tsayar da jimla ɗaya da za a riƙa faɗa wa mutane, a kuma gaya wa nas sunan mutum ɗaya da ta yarda a yi wa bayani, a roƙi a rubuta shi a fayil don masu canjin aiki su gani.